Garantin Taga Ya Faɗi, Haƙƙinka Bai Faɗi Ba

Wani mai karatu da ke gina gidansa da kansa a Ingila ya rubuto. Ya sayi tagogi masu gilashi ninki uku kai tsaye daga kamfani, ya ɗauko magininsa ya kafa su. Bayan shekara biyu raɓa ta fara taruwa a tsakanin gilasan, inda hannu ba ya kaiwa a goge. Kamfanin ya ce garantin shekara 10 ya ɓaci, tunda ba mutanensu suka kafa ba.

Malam, abu biyu kake riƙe da su, kamfanin kuwa ɗaya kawai ya ambata maka.

Garanti alkawari ne na kamfani, shi ke gindaya sharuɗɗansa. In an rubuta cewa sai wanda suka amince da shi zai kafa, ko sai ka yi rajista cikin wani wa'adi, to sharaɗin yana iya ɗaure ka. Ɗauko takardar ka karanta har ƙananan rubutun ƙasa. Sau da yawa garantin firam daban ne, na gilashi daban, na maƙulli da hinji kuma ya fi gajarta.

Amma dokar kare masu saye ta 2015 ba ta jiran garanti. Sashe na 9 ya wajabta wa mai sayarwa ya ba ka kaya mai inganci, kuma ƙarko yana cikin ingancin. Ba shi da ikon soke wannan da wani sharaɗi. Kwana 30 na mayar da kaya sun wuce, sai dai kana da damar neman gyara ko canji, kuma sashe na 23 ya ɗora masa kuɗin aikin. Wannan ya fi garantin da galibi zai turo maka gilashi kawai ya bar ka da kuɗin magini. A Ingila kana da shekara 6 ka shigar da ƙara.

Ga inda rigimar take. A wata 6 na farko, doka tana ɗauka aibin daga wurinsu ya zo, sai sun tabbatar da akasin haka. Yanzu nauyin hujja yana kanka. Za su ce magininka ya matse firam, ko ya toshe ramukan fitar ruwa na ƙasa, ruwa ya kwanta har ya ci danƙon da ya liƙe gefen gilashin. In hakan ne, ba su da laifi, domin doka tana kama mai sayarwa kan kafawa ne kawai in kafawar tana cikin cinikinku. Saboda haka kada a taɓa tagar tukuna. Ɗauki hotuna, ka samo ƙwararre mai zaman kansa ya duba ya rubuta rahoto. A ganina kuɗin rahoton nan shi ne mafi amfani da za ka kashe.

Da rahoton a hannu, rubuta wa wanda ya karɓi kuɗinka, ka ba shi kwana 14. In da katin bashi ka biya, kuma farashin ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa bankin da ya ba ka katin ya zama abokin ɗaukar alhaki, ko da kamfanin ya rushe. Da'awar da ba ta wuce fam 10,000 ba tana zuwa kotun ƙananan da'awa.

Duba rasit ɗinka ma: in da sunan kamfaninka ka saya, dokar 2015 ba ta rufe ka ba.