Me Ya Sa Na'urar Karatun Makafi Take Da Tsada, Kuma Ta Ina Zan Fara Ƙera Mai Araha?

Tambaya: Ni ɗalibin injiniya ne a shekarar ƙarshe. Ina so aikina na kammalawa ya zama na'urar da makaho zai karanta rubutun kwamfuta da yatsunsa, amma na ga waɗanda ke kasuwa sun kai dubban daloli. Mene ne yake cin kuɗin? Na yi niyyar amfani da ƙananan kwayil masu maganaɗisu su riƙa tura ƙusoshin da ke fitar da ɗigon rubutun makafi sama. Zai yiwu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Kuɗin ba a allon lantarki yake ba, ba kuma a manhaja ba. Yana cikin ɗan gidan harafin da yatsa yake taɓawa.

Rubutun makafi da Louis Braille ya fitar a Faransa a 1829 yana da ɗigo shida a kowane gida, uku a hagu uku a dama. Na'urorin zamani kan ƙara biyu su zama takwas. Tsakanin ɗigo da ɗigo kusan milimita 2.5 ne, faɗin ɗigon kusan 1.5, tsayinsa kusan rabin milimita, daga gida zuwa gida kuma kusan milimita 6. Ba ka da ikon faɗaɗa wannan awo, domin gida ɗaya dole ya shige ƙarƙashin kan yatsa ɗaya. Idan ya fi haka girma, mai karatu sai ya riƙa lalube sama da ƙasa, saurinsa ya mutu. Layi mai gida 40 yana nufin ƙusoshi 320, kowace da abin da ke motsa ta, duk a cikin tsawon da bai wuce santimita 26 ba.

Tun shekarun 1970 masana'antu suke amfani da siraran sanduna na fizo (piezo) wajen tura ƙusoshin, waɗanda ke lanƙwasa idan aka ba su wutar da ta kai volt 200. Suna da sauri, ba sa ƙara, ba sa shan batir. Amma kowace ƙusa da sandarta, haɗa su aikin natsuwa ne, masu sayen kuma ba su da yawa. Nan tsadar ta fito.

Game da kwayil: kusan duk ɗalibi da shi yake farawa, kuma a nan yake makalewa. Kwayil na kasuwa ya fi milimita 2.5 kauri, ba za su jeru ba sai da sanduna masu miƙa motsi daga nesa. Sannan yana shan wuta muddin ƙusar tana sama. A ce kowanne yana jan amfiya 0.2, gida 20 masu ɗigo shida ƙusoshi 120 ne. Rabinsu kawai su tashi, amfiya 12 ke nan. Batir zai ƙare, roba za ta yi zafi ta lanƙwashe. Idan ka rage wutar kuma, yatsa na dannawa ƙusar ta nutse, alhali ana so ta jure nauyin giram 15 zuwa 20. Don haka ƙa'idar ita ce: a kashe wuta wajen sauya matsayin ƙusa kawai, wani abu daskararre ya tokare ta daga ƙasa.

Da irin wannan tunani aka karya farashi a wasu na'urori. Orbit Reader 20 mai gida 20 ya fito a kan kusan dala 500. Braille Me na Indiya ya bi ta maganaɗisu mai kullewa. Canute 360 na Biristol a Ingila ya kai layi 9 masu gida 40, ya haƙura da saurin sauya shafi domin ya samu araha.

Abin da nake ba ka shawara shi ne faifai mai fuska takwas. Ɗigo uku na gefe ɗaya suna iya zama ta hanya takwas kacal, daga babu ko ɗaya zuwa duka ukun. Sassaƙa kowace hanya a fuska ɗaya ta faifan. Faifai biyu sun ba ka gida ɗaya da dukkan haruffansa 64, kuma da faifan ya tsaya ba ya buƙatar wuta. Fara da gida huɗu: faifai takwas, ƙananan moto irin 28BYJ-48 da allonsu ULN2003, sai allon sarrafawa na Arduino ɗaya. Sa wa kowane faifai na'urar gane mafari, domin moto kan tsallake taku, kuma idan takun da suka ɓace suka taru duk haruffan da ke biye sun zama ƙarya. Sa ɗan maƙalli mai sifirin da zai kama faifan daidai kan fuska. Kada ka buga ɗigon da firintar 3D ta roba mai bakin milimita 0.4, yakan fito da kaushi yana cin yatsa. Yi amfani da firintar ruwan resin, ko ka dasa ƙusoshin ƙarfe masu zagayayyen kai.

Ka tuna da ƙurar hunturu. Rata tsakanin ƙusa da raminta kaɗan ce ƙwarai, ƙura da maiƙon hannu suna haɗuwa su daskare ta. Yi murfin sama mai kwancewa da sukurori huɗu don wankewa, kuma kada ka sa mai.

Manhaja kada ka wahalar da kanka: liblouis kyauta ce, tana juya rubutu zuwa ɗigo, BRLTTY kuma yana haɗa na'ura da kwamfuta mai manhajar Linux. Sai dai ka duba da kyau cewa ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa da alamominsu na rubutun makafi na Najeriya, in ba haka ba "ƙasa" za ta koma "kasa".

Kafin ka sayi moto ko ɗaya, buga layi guda na ɗigo marasa motsi ka kai wa masu karatu da yatsa, a makarantar makafi mafi kusa da kai ko irin ta Gindiri da ke Filato. Ka ba su su karanta, ka ƙirga kalmomin da suke yi a minti ɗaya, ka gwada da takardar da suka saba. Idan sun ce ɗigon ya yi kaifi ko ya yi ƙasa, gyara awon ka sake bugawa har sai sun karanta ba tare da tsayawa ba, sannan ka shiga aikin faifan.