Hanyarmu ta ratsa layin dogo, babu ƙofa babu mai gadi: mu kafa shinge ko mu kai ƙara?

Barista, barka da aiki. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu. Hanyar da muke bi zuwa kasuwa ta ratsa layin dogo, kuma babu ƙofa, babu fitila, babu mai ɗaga tuta. Da damina dawa kan rufe wurin, sai jirgi ya zo dab da kai sannan ka gan shi. Makon jiya wani mai Keke Napep da ya ɗauko 'yan makaranta ya sha da kyar. Matasa sun ce mu yi karo-karo mu kafa shinge, wasu kuma sun ce kotu kawai. Ina mafita?

Malam Sakatare, Allah Ya ƙara tsarewa. Ka fara da riƙe matasan nan. Layin dogo da filin da ke gefensa suna hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda dokar 1955 ta kafa. Wanda ya kafa ƙarfe ko ya jibge dutse a wurin ba da izini ba ya aikata laifi, komai kyan niyyarsa. Idan kuma wata rana shingen ya maƙale ya tsare mota a kan layi, ƙungiyarku za a nema.

Tambayar da shari'arku ta rataya a kanta ita ce: wa ya buɗe wannan mashiga? In tana cikin waɗanda hukuma ta amince da su, akwai nauyin yin hattara a wuyanta, kamar kafa allon gargaɗi, share abin da ke tare gani, da busa ƙaho kafin jirgi ya iso. In kuwa sawun mutane da tayar babur ne suka fitar da ita, ƙafarku ba ta da ƙarfi sosai, don za a ce ku kuka shiga hurumin jirgi. Har ma ana iya toshe ta baki ɗaya, ku koma zagaye. Ku san wannan kafin ku ta da maganar.

Hanyar sanin amsar ba ta da tsada. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa hukumar ku nemi matsayin mashigar, kuma wa'adin amsa kwana 7 ne. Ku haɗa da takardar koke mai sa hannun dagaci da shugaban makaranta, da hotuna, da ranakun da aka tsallake rijiya da baya. Ku kai ofishin shiyya, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Na fi damuwa da hatimin nan fiye da daɗin bakin kowane jami'i, domin shi ne zai hana a ce "ba mu sani ba" a gaban alƙali. Ku aika kwafi ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, da wadda hanyar motar take hannunta, ƙaramar hukuma ce ko jiha. Mai hanyar ce ke da ikon ba ku izinin yin tudun rage gudu a kan hanya, nesa da layin. In an yi shiru, ku je Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ba a biyan ko sisi.

Kotu tana nan, amma a ganina ba yanzu ba. Tana iya tilasta wa hukuma yin aikin da doka ta ɗora mata ƙarara, sai dai alƙalai ba su cika son tsara wa hukuma inda za ta kashe kuɗinta ba.

Idan, Allah Ya kiyaye, haɗari ya auku, abu biyu kan kayar da masu neman diyya. Na farko lokaci. Dokar Hukumar Jiragen Ƙasa ta ce a shigar da ƙara cikin wata 12, kuma sai an ba ta sanarwa a rubuce aƙalla wata 3 kafin a shigar. Iyalai da yawa ana gama zaman makoki sai su tsaya jiran alkawari har wa'adi ya wuce. Na biyu laifin direba. Jirgi ba ya kauce wa kowa, kuma ko an taka birki sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, shi ya sa ƙa'idar hanya ta ce mai abin hawa ya tsaya, ya duba, ya saurara. Kotu tana rage diyya gwargwadon sakacinsa, wani lokaci ma shi ake gurfanarwa. Haka aka yi wa direban bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas da jirgi ya buge a Ikeja a watan Maris na 2023, inda mutum 6 suka rasu.

Kafin amsa ta zo, akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Ku roƙi masu gonakin da ke bakin mashigar su shuka gyaɗa ko wake maimakon dawa. Ku zauna da shugabannin 'yan Keke da 'yan acaɓa su sa tara a kan duk wanda ya tsallaka bai tsaya ba. Ku kuma sa dattijo ɗaya ya riƙa tsallakar da yara safe da rana, yana tsaye a kan hanya, ba a kan layi ba.