Haƙa, Tona ko Gina? Amsa ga Mai Son Zurfafa Ƙarƙashin Gidansa

Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Ohio ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya sayi tsohon gida, a ƙarƙashin daɓen katakonsa akwai wani fili mai duhu da tsayinsa bai kai ƙugu ba, inda bututun ruwa da wayoyin lantarki suka bi, ba a shigarsa sai da rarrafe. Yana so ya zurfafa wurin ya zama ɗaki. Ga yadda ya faɗa: "Malam, da na zo yi wa mahaifina bayani ta waya sai na rasa sunan wurin da Hausa. Na ce zan tona, ya ce a'a, haƙawa zan yi. Daga ƙarshe ya ce mini ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Wace kalma ce daidai, kuma me Baba yake nufi?"

Allah ya sanya wa gidan albarka, ya ƙara wa Baba lafiya. Ba laifinka ba ne da ka rasa sunan, domin magininmu ba ya barin irin wannan fili. A kan ƙasa yake ɗora tubali, a kan ƙasa kuma mata suke yin daɓe. Abu ɗaya da muke ɗagawa mu bar masa sarari a ƙasa shi ne rumbu, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu saboda danshi da gara, kaji su samu inuwar fakewa. Ka ce wa Baba ƙarƙashin gidan kamar ƙarƙashin rumbu yake, nan take zai gane. Sunan kuwa, "ƙarƙashin gida" ya wadatar, abin da kake son samarwa kuma "ɗakin ƙarƙashin ƙasa" ne. Kada ka ce "gidan ƙasa", domin Bahaushe zai ɗauka ginin laka kake nufi, ko gidan da ba bene ba.

Su can sanyi ne ya koya musu shiga ƙasa. Idan ƙasa ta daskare sai ta kumbura ta ɗaga harsashin gini, don haka dole a kai harsashin inda ƙanƙara ba ta isa. A jihar Minnesota doka ta ce inci 42 a kudu, inci 60 a arewa. Wanda ya riga ya kai wannan zurfin, kaɗan ya rage masa ya samu ɗaki.

Sai batun aikatau, wato kalmar da ta dace da aikin da za ka yi, inda nake so in daɗe. Baba ya fi ka gaskiya. Tona ana yin ta ne don a fito da abin da ke binne: tonon gyaɗa, tonon rogo, kaza tana tono a juji. Shi ya sa ake tona asiri, shi ya sa kuma mai bin diddigin abin da ba a so a tayar ake ce masa yana tonon silili. Haƙa kuwa ramin kansa ake nema, da zurfinsa da faɗinsa, da diga da shebur: haƙa rijiya, haƙa kwata, haƙa kabari. Akwai kuma yasa, wato kwashe abin da ya cike ramin da dama akwai shi, kamar yadda ake yashe rijiya idan ta cika da taɓo. Naka aikin ya wuce yasa, tunda sabuwar ƙasa za ka ci.

Amma da ni aka tambaya tun farko, kalmar da zan zaɓa ita ce gina. A Hausa ana gina gida, ana kuma gina rami da rijiya. Karin magana ma cewa ta yi, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wanda ya taso a cikin birnin Kano ya ga dalilin wannan da idonsa: kududdufan da ke unguwanni ramuka ne da aka ɗebi ƙasarsu aka tayar da gidaje da ganuwa. Hannun da ya yi rami shi ya yi bango. A aikinka kuwa ma'anonin biyu dole su tafi tare a rana ɗaya, domin gidan yana tsaye a kanka kana cire ƙasar da ke riƙe da shi.

Kalmar da nake jiye maka tsoro ita ce rarake. Gara takan rarake katako ta bar shi da kyan gani a waje, cikinsa fanko. Ruwan damina yakan rarake gindin bango, sai wata rana da asuba a ji rugugi. Duk wanda ya bi jikin harsashi da shebur ya kwashe ƙasar gaba ɗaya, rarake gidansa ya yi, kuma ƙarshensa ruftawa. Masu sana'ar suna bin ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko, su raba bangon gaɓa-gaɓa, kowace kamar ƙafa 3 zuwa 4, su haƙa ƙarƙashin guda, su sa rodi su zuba kankare, su tsallake na kusa da ita su tafi wata can nesa, ba za su dawo ba sai ta farko ta yi ƙarfin ɗaukar nauyi. Ta biyu, su bar ƙasar da ke jikin tsohon harsashi yadda take, su ja baya su haƙa tsakiya, su tokare ƙasar da sabon bango mai kama da dakali. Wannan ta fi sauƙin kuɗi amma tana cin faɗin ɗaki. Ko wacce aka zaɓa, sai injiniyan gini ya duba ƙasar ya zana, hukumar gari ta ba da izini, kuma a buga lamba 811 kafin a sa diga, a zo a nuna inda bututun gas da wayoyi suke binne. Dokar gini a yawancin jihohi tana neman tsayin ƙafa 7 daga daɓe zuwa rufi kafin a kira wurin ɗakin zama, in kuma za a kwana a ciki sai an yi tagar da mutum zai iya fita ta cikinta idan gobara ta tashi.

Karin maganar Baba kuwa ƙarfafa maka gwiwa ce. Manufarta ita ce abin nema yana nan kusa, wanda bai motsa ba ne kawai yake rasawa. Ana faɗa wa matashin da ke zaune yana kukan babu, ana faɗa wa ɗalibin da ya ce karatu ya gagara. Ka lura da "tona" aka yi amfani a nan, kuma daidai ne, domin ruwan ɓoyayyen abu ne da ake fito da shi. Sai dai ina roƙonka ka saurari zahirin maganar ma. Mai rijiya murna yake idan ya tarar da ruwa, kai kuwa shi ne babban abokin gabarka. Kafin a zuba daɓen kankare ana shimfiɗa tsakuwa da leda mai kauri, a zagaye ɗakin da bututu mai huji-huji da zai tara ruwan cikin wani ɗan rami, famfon lantarki ya riƙa fitar da shi waje. In aka yi sakaci da wannan, damina ɗaya ta isa bango ya yi jirwaye, kaya su yi fumfuna. Ka kuma sa a auna iskar radon, wadda take tasowa daga ƙasa ba launi ba wari, tana kuma jawo sankarar huhu. Ohio na cikin jihohin da aka san ta da yawa, kuma dasa bututun fitar da ita ya fi sauƙi tun ƙasa tana buɗe.