Na rage ci, ina motsa jiki, amma sikeli ya tsaya cik

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 36, 'ya'yana uku. Tsayina mita 1.62, nauyina yanzu kilo 88. Wata biyu ke nan da na ɗaura ɗamarar rage ƙiba. Kullum da safe ina tafiyar minti 30, na daina karin kumallo, wani lokacin har abincin rana nake tsallakewa. A mako biyun farko na sauke kilo 3, daga nan komai ya tsaya cik. Da yamma kuma yunwa kan rufe ni, in ci har ya fi na da. Ƙawata ta ce in sayi shayin rage teɓa da bel ɗin nan mai sa ciki zufa. Shin su ne mafita, ko kuwa jikina ne ba na ramewa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, jikinki lafiyarsa lau, abin da ya yi kuma shi ne abin da jikin kowa zai yi idan aka bi da shi ta wannan hanya. Shayi da bel ɗin ki bar su a inda suke, zan gaya miki dalili nan gaba.

Kilo ukun farkon nan ba kitse ba ne duka. Jiki yana da ajiyar suga a hanta da tsoka, kowane giram na wannan ajiya kuma yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Da zarar mutum ya rage ci, ita ake fara taɓawa, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya sauka da sauri. Bayan ta ragu ne ake komawa kan kitse, shi kuwa tafiyarsa a hankali take. A cikin kilo ɗaya na kitsen jiki akwai kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. Tafiyarki ta minti 30, a nauyinki, tana cin kalori 150 zuwa 180. Idan da tafiyar kaɗai kika dogara, sai kin yi kusan kwana 50 kafin kilo ɗaya ya tafi, shi ma da sharaɗin ba ki ƙara ko loma ɗaya a kan abin da kika saba ci ba. Gwangwanin lemun kwalba ɗaya mai mililita 330 yana da suga kusan giram 35, kalori wajen 140. Wato abin da kika ƙona a rabin sa'a, za ki iya mayar da shi a minti biyu kina tsaye a bakin firij.

Ba ina nufin tafiyar ba ta da amfani ba. Amma mutane da yawa suna ɗora wa motsa jiki aikin da ba nasa ba. Saukar nauyi a kicin ake yin mafi yawansa. Motsa jiki kuwa shi ne ke hana abin da ya tafi dawowa, shi ne kuma ke gyara zuciya da suga da hawan jini ko da sikeli bai motsa ba.

Yanzu mu zo kan tsallake abinci, domin a ganina nan ne matsalarki take. Jiki yana da sinadaran da ke kula da yunwa. Akwai wanda ciki ke saki idan babu komai a cikinsa, ana kiransa girelin, shi ne mai cewa tashi ki ci. Akwai kuma leftin, wanda kitse ke saki domin ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1994 aka gano shi a ɗakin binciken Jeffrey Friedman a Amurka. Idan kitse ya fara raguwa, leftin yakan yi ƙasa, yunwa ta ƙaru, jiki kuma ya rage abin da yake ƙonawa. Ki haɗa wannan da yini guda babu abin kirki a ciki, kin ga abin da zai faru da yamma. Ba rashin haƙuri ba ne, kada ki zargi kanki. Akwai masu jin daɗin cin abinci sau biyu kawai a rana, kuma yana yi musu aiki, amma binciken da aka kwatanta wannan tsari da rage ci na yau da kullum bai nuna ya fi shi ba. Ke dai kin gwada, kin ga yana kai ki ga cin da ya fi na da. To ba naki ba ne.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki koma cin abinci sau uku, amma ki rage kalori kusan 500 a rana daga abin da kika saba. Wannan kan sauke kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya. Kuma ba sai kin zauna da biro kina lissafi ba, wuraren da kalorin ke ɓuya sanannu ne.

Na farko abin sha. Lemun kwalba, ruwan 'ya'yan itace na kwali, shayi mai suga cokali uku da madara mai zaƙi, duk suna shiga ba tare da sun ƙosar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, in ya sauka zuwa 6 ya fi. Lemo ɗaya ya cinye fiye da rabin cokali 12 ɗin nan. Ki ɓare lemun zaƙi ki ci maimakon ki matse shi, ki sha ruwa.

Na biyu mai, kuma shi ne wanda aka fi raina wa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, alhali na sitaci ko furotin 4 ne. Babban cokali ɗaya na man girki, kowane iri ne, har wanda ake tallarsa da sunan mai lafiya, kalori kusan 120 ne. Gobe idan za ki ɗora tukunya, kada ki tuttula daga kwalba yadda hannunki ya saba. Ki tara cokali a ƙasa, ki ƙirga nawa ne ke shiga kafin idonki ya ce ya isa. Masu girki da yawa kan sha mamaki idan suka ga sun kai cokali shida ko takwas. Ki raba wannan biyu, ki mayar da rabin suyarki dafuwa ko gashi, babu wanda zai tashi daga kan abincin da yunwa.

Na uku shi ne cin da ba a lissafawa: ɗanɗanon girki, ragowar farantin yara da ba kya son a zubar, biskit biyu da aka miƙo miki a wurin aiki. Ki yi kwana uku kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki a lokacin da ya shiga, ba da dare ba. Ba don kowa ya gani ba. Takardar nan kan faɗa wa mutum abin da likita ba zai iya faɗa masa ba.

Game da faranti kuwa, rabi ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu furotin, irin su ƙwai, kifi, wake, kaza ko nama marar kitse, ragowar kashi ɗayan kuma sitaci, kamar shinkafa, dankali, taliya ko burodi. Ban ce ki daina cin sitaci ba, na ce ya koma kwata. Furotin ya fi komai riƙe ciki, don haka ki tabbata akwai shi a karin kumallo. Kayan leda da na gwangwani da aka sarrafa sosai a masana'anta ki yi nesa da su gwargwadon iko. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun ajiye mutum 20, suka ba su irin wannan abinci mako biyu, abincin da ba a sarrafa ba mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, mutanen sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A sauran makonnin suka sauke kusan haka.

Tafiyarki ki riƙe ta, sai dai ki ƙara mata sauri. Ma'aunin da nake bayarwa shi ne ki kai inda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na irin wannan a mako, kin riga kin shiga layi, sai ki riƙa ƙara minti biyar-biyar har ki kai 45. Abin da babu a tsarinki shi ne aikin ƙarfafa tsoka, wanda hukumar ta ce a yi aƙalla kwana biyu a mako. Duk mai rage nauyi yana asarar tsoka tare da kitse, tsoka kuwa tana ƙona kalori ko mutum yana zaune. Ba sai kin je gidan ɗaga ƙarfe ba. Ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa hannu ba sau 10 zuwa 12, ki dafa bango ki tura jikinki gaba da baya, ki cika gorar ruwa biyu ki ɗaga su sama da kai, ki huta, ki maimaita sau biyu ko uku. Idan gwiwa na damunki, ki bar tsalle da gudu tukuna.

Sai batun ƙawarki. Bel ɗin zufa yake fitarwa, zufa kuma ruwa ce, kofi biyu na ruwa sun mayar da ita. Kitse ba ya narkewa ya fita ta fata. Idan jiki ya ƙona shi, mafi yawansa ta huhu yake fita a matsayin iskar da muke fesarwa: a cikin kilo 10 na kitse, kilo 8.4 numfashi ne ke ɗauke shi, sauran ya zama ruwa. Haka nan babu atisayen da ke zaɓar kitsen tumbi shi kaɗai, jiki ne ke yanke daga inda zai ɗiba, sau da yawa ma fuska da hannu ne ke fara nunawa. Shayin kuwa ya fi bel ɗin haɗari. Yawancinsu maganin sa gudawa ne ko na yawan fitsari, sikeli ya sauka yau ya hau gobe, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da su. An sha kama wasu da aka zuba musu sibutramine a ɓoye, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk abin da aka ce zai sauke miki kilo 10 a wata guda, ki riƙe kuɗinki. Ko da zai yi, ramewa da gaggawa na iya haifar da tsakuwa a matsarmama.

To ina za ki sa gaba? Idan aka raba nauyinki da tsayinki sau tsayinki, ana samun 33.5, ƙiba kuwa a likitance daga 30 take farawa. Amma kada ki ce sai kin koma jikinki na kafin haihuwar fari. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya gyara suga da hawan jini da kitsen jini. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an sa masu dab da kamuwa da ciwon suga su nemi sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da abin da maganin ciwon suga na metformin ya yi. A wurinki kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne. Ki ba shi wata huɗu zuwa shida.

Sikeli ki hau shi sau ɗaya a mako, da safe, bayan kin kewaya, kafin ki ci komai. Nauyin mace kan ƙaru da kilo ɗaya ko biyu gab da al'ada ko bayan cin abu mai gishiri, wannan ruwa ne, zai sauka. Ki samu tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu sau ɗaya a wata: ki lalubo ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, ki saki numfashi ba tare da kin shanye ciki ba, sannan ki karanta. Abin da ake so shi ne ya gaza rabin tsayinki, wato santimita 81 a wurinki. Sau tari tef kan nuna canji a watan da sikeli ya yi shiru. Barci ma yana cikin lissafi, wanda ba ya samun awa 7 yunwarsa da kwaɗayin zaƙinsa kan ƙaru washegari.

Ba ki faɗa mini ko kina shan wani magani ba, kuma yana da muhimmanci. Magungunan rage kumburi irin su prednisolone da dexamethasone, allurar insulin, wasu magungunan taɓin hankali da na farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku a wurin wasu mata, duk suna iya ƙara nauyi. Kada ki daina kowanne da kanki, ki kai wa wanda ya rubuta miki ya duba ko akwai madadinsa. Idan kina fama da kasala da jin sanyi da bushewar fata da zubewar gashi, a gwada miki tayirod, ƙwayar nan da ke gaban wuya. Idan al'adarki na tsallake watanni, ga gashi na fito miki a haɓa, a duba ƙwayayen mahaifarki. Mai ciki ba ta rage ƙiba, mai shayarwa kuma a hankali take yi. Kafin ki fara sabon tsarin, ki je a auna miki hawan jini da suga, ki rubuta su tare da nauyi da faɗin ƙugu, a sake aunawa bayan wata uku. Idan kin bi wannan wata shida ba tare da canji ba, ki koma wurin likita, domin a nauyinki akwai magungunan da aka amince da su da za a iya tattaunawa a kansu bayan an duba ki.