Amsar Baffa kan aikin likkafa: waya ce farko ko zane?

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tambaya kafin ka ɓata kayan mutane. Ka ce an kawo maka likkafa biyu ta hawan Sallah, mai su yana so a dasa musu wayar jan ƙarfe da ta azurfa a kuma yi musu zane, kana neman sanin wanda ake farawa da shi a gidanmu. To, waya ake fara dasawa, zane ya biyo baya. Haka na taras kakanka yana yi, kuma akwai dalili.

Amma kafin duka biyun sai ka gama da wuta. Duk ƙirar da za ka yi, ka yi ta, ka bar ƙarfen ya huce a hankali cikin toka don ya yi laushi, ka bi shi da magagari har ya yi sumul. An ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma wannan zancen maƙeran baƙi ne, aikin dashe da sanyi ake yin sa. Azurfa tana narkewa tun a digiri 962, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500, kai ka san yadda gawayin ƙirya yake idan zuga-zugi ya kama shi. Ka mayar da likkafa wuta bayan ka dasa, sai ka tsinci azurfarka a cikin toka.

Daga nan ka fitar da hanyar wayar, ka sare ta da kurfi, ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sara da shi. Nan ne aikin yake, kuma nan yaran yanzu suke ha'inci. Ramin dole cikinsa ya fi bakinsa faɗi, kamar tulu. Bayan ka sare, ka karkata kurfin ka ɗan ƙwaƙule gindin bango ta dama da hagu. Idan ka daki wayar sai ta baje ta shige ƙarƙashin leɓen, ba ta da hanyar fita. Ba gam, ba dalma. Ramin da aka sare miƙe zai riƙe waya a kan tabarmar maƙera, amma doki ya yi sukuwa biyu a ƙofar fada ka ga ta tashi kamar gashin baki.

Ita ma wayar ka gasa ta ta yi ja kaɗan, ka tsoma a ruwa. Jan ƙarfe ba halinsu ɗaya da ƙarfen wuƙa ba, ruwa ba ya ƙara masa tauri. Ni nakan fara da jan ƙarfen, azurfa a ƙarshe, don kada dukan na kusa ya lotsa ta. A da liyari ake narkarwa a ja waya, wannan kuɗin mai kan mace da aka rubuta wa 1780, azurfarsa kashi 83 cikin ɗari ce, tana da ɗan ƙarfi. Yanzu ka bincika abin da ake sayar maka a Kurmi kafin ka biya.

Idan ka gama dashe, waya za ta ɗan taso sama da ƙarfen, sai ka goge ta da magagari su daidaita. Wannan gugar ce take hana a fara zane. Ina saurayi na taɓa kwana huɗu ina zana kan wani takobi, sannan na dasa waya, magagari ya bi ya share rabin wahalata. Kakanka bai ce uffan ba, ya miƙo mini wani ƙarfen kawai.

Zanen ƙarshe ka bi gefen waya da shi a hankali, kada kurfi ya ci leɓen da ke riƙe da ita. Sannan ka shafa mai, ka ɗumama shi sama-sama ƙarfen ya yi duhu, azurfa ta fito. Ka fara gwadawa a kan guntun ƙarfe, ka aiko mini in sa farce in gani ko za ta ɓalle. Ka gai da mahaifiyarka.