Tambaya da Amsa: Hotunan Hanya da Yadda Ake Adana Su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, kuma sana'ata tana kai ni Tibiri da Tasawa da Madarumfa, wani lokaci har Dakoro. Na daɗe ina ɗaukar hotuna da wayata a kan hanya don sha'awa kawai. Yanzu sun cika wayar, da yawa daga cikinsu ma na manta inda na ɗauke su, ga shi abokaina suna cewa babu abin kallo a ciki sai amalanke da rumfunan kasuwa da gonaki. Shin in ci gaba, kuma ta yaya zan tsara su su zama tarihin tafiye-tafiyena? Daga wani mai karatu a unguwar Bagalam.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ci gaba, kuma kada maganar abokanka ta sanyaya maka gwiwa, domin abin da suke rainawa shi ne zai fi daraja nan da shekara ashirin. Hawan Sallah da gasar kokowa ta takobi suna da masu ɗaukarsu bila adadin, amma layin masu sayar da rake a bakin tasha, ko yadda ake ɗaure buhunan gero a kan amalanke, ba kowa ne yake tsayawa ya ɗauka ba, saboda ana ganin kullum suna nan. Alhali kuwa ba kullum suke nan ba. A shekarar 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin Maradi da ke cikin fadama, mutane suka tashi suka koma kan tudu inda birnin yake a yau, kuma duk gidan da ke riƙe da hoton wani lungu ko wata rumfa ta wancan gari yana riƙe da abin da kuɗi ba ya saye. A Yamai ma, sunan mai ɗaukar hoto Philippe Koudjina ya tsaya ne a kan hotunan da ya ɗauki samari da ƴan mata a wuraren shaƙatawa a shekarun 1960 da 1970, wato rayuwar da mutanen lokacin suke gani kamar ba komai ba ce.

Gonakin da ake yi maka dariya a kansu ma suna da nasu labarin. Lokacin da masu bincike suka so su tabbatar da cewa itatuwa sun dawo a gonakin jihohin Maradi da Damagaram, bayan manoma sun koma barin tohon gawo da sauran itatuwa maimakon sare su a lokacin sassabe, hotunan sama na shekarar 1975 suka ɗauko suka gwada da waɗanda aka ɗauka bayan shekarar 2000, daga nan aka kai ga ƙiyasin kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo. Abin da ya ba waɗancan tsofaffin hotuna amfani shi ne an san ranar da aka ɗauke su, an kuma san wurin.

Nan ne matsalarka take, kuma nan ne ya kamata ka sa ƙarfinka. Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba, ko mai ɗaukarsa yakan rasa abin faɗi a kansa bayan ƴan shekaru. Wayarka tana rubuta rana da sa'a a cikin kowane hoto da kanta, muddin agogonta daidai yake, kuma idan ka kunna mata izinin sanin wuri a cikin saitin kyamara, har inda ka tsaya za ta riƙe. Sai dai waya ba ta san cewa ranar kasuwa ce ba, ba ta san nawa aka sayar da tiyar gero ba, ba ta kuma san cewa direba ya bi ta wata hanya saboda ruwa ya yanke wadda aka saba bi. Waɗannan kai ne za ka rubuta. Shawarata ita ce ka sayi ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihu, duk daren da ka dawo daga tafiya ka rubuta kwanan wata, da garin da ka je, da kuɗin mota, da jimla biyu ko uku a kan abin da ka gani, da boko ko da ajami, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi. Na fi son takarda a kan rubutu cikin waya, domin ranar da waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa, littafin yana nan a gida. Farashin kaya musamman kada ka raina shi, tunda kai ɗan kasuwa ne kuma ka fi kowa saninsa. Hoton tulin albasa da aka rubuta kuɗin buhu a ƙarƙashinsa ya zama shaida, ba ado kawai ba.

A wannan daren kuma ka yi tankaɗe da rairaya. Idan ka ɗauki hoto talatin, ka zaɓi uku ko huɗu ka goge sauran ba tare da tausayi ba, domin yawan hotuna masu kama da juna shi ne yake sa mutum ya gaji da duba nasa. Sannan ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu da kake yawan wucewa, misali wata gaɓa ta Gulbin Maradi ko bakin tafkin Madarumfa, ka riƙa tsayawa a daidai wuri guda kana fuskantar gefe guda duk wata. Bayan shekara za ka ga ruwa ya zo da damina ya janye, yashi ya fito, masu lambu sun sauka, ka kuma ga gawo ya kaɗe ganyensa lokacin da kowace bishiya take kore, ya sake tofowa da rani. Hotuna goma sha biyu na wuri ɗaya sun fi ɗari na wurare barkatai ba da labari.

Game da ajiya, kada ka ɗauki WhatsApp a matsayin rumbu. Idan ka aika hoto ta hanyar da aka saba, yana matse shi ya rage ingancinsa, ya kuma cire bayanan rana da wuri da ke cikinsa. In dole ne ka aika, ka bi ta wurin da ake aika takardu da fayiloli, a nan ne hoton yake isa yadda yake. Don ajiya a intanet, Google yana ba kowane asusu wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, waɗanda saƙonnin Gmail ma suke ci daga ciki, kuma tun ranar 1 ga Yunin 2021 ya daina ajiyar hotuna kyauta ba iyaka. Tunda hoton waya yakan kai megabait uku zuwa biyar, wurin zai ɗauki ƴan dubbai, wanda ya ishi mai tacewa shekaru. Ka ƙara da kwafi a kwamfuta ko a katin memori na kirki, ka kuma yi hattara da masu arhar banza, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, sai sun cika su fara lalata abin da ke ciki. Waɗanda ka fi so kuwa, ka kai a wanke maka su, ka rubuta rana da wuri a bayansu da fensir, ka ajiye inda zafi da gara ba za su kai ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ina zuwa gida Gidan Rumji duk ƙarshen mako. Hotunan da nake ɗauka daga cikin mota duk suna fitowa dishi-dishi, turakun lantarki ma a karkace, sannan idan na ɗauki mutane a waje fuskokinsu sukan yi duhu. Laifin wayar ne?

Amsa: Ƴar'uwa, mafi yawan laifin ba na wayar ba ne. Ki fara da gilashin kyamarar, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana haɗuwa da maiƙon yatsa ta yi masa yana. Ki hura shi tukuna don yashi ya tashi, sannan ki goge da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba gogewar ce za ta karce shi. Karkacewar turaku kuwa daga yadda kyamarar waya take aiki ne: ba ta ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda, tana karanta shi ne layi bayan layi, saboda haka abin da ke wucewa da gudu a kusa da ke ya riga ya gusa kafin ta gama. Maganin shi ne ki daina nuna wayar kai tsaye ga gefen titi, ki karkata ta wajen gaban mota, ki nemi abin da ke nesa, kuma kada ki jingina ta da gilashin taga saboda girgiza. Jawo abu kusa da yatsu biyu shi ma yana ƙara ɓata hoto a yawancin wayoyi, tunda yanko wani sashe kawai suke yi su faɗaɗa shi. Gaskiyar magana, hotunan tafiya mafi kyau a wurin tsayawa ake samunsu, lokacin da aka sauka salla ko ƴan talla suka kewaye mota.

Duhun fuska yana faruwa ne idan sararin sama mai haske ko farar riga ta cika hoton, sai wayar ta rage haske don su, fuska ta nutse. Ki taɓa fuskar a kan allon kafin ki ɗauka, wayar za ta auna haske daga nan, kuma ki tsaya yadda rana za ta kasance a bayanki ko a gefenki. Tsakar rana a ƙasarmu ba lokacin ɗaukar mutane ba ne, domin rana tana bisa kai, hula da kallabi suna jefa inuwa a idanu. Ki jira bayan la'asar ko ki shigar da su inuwar bedi. Hazon da ke ɓata hoton abin da ke nesa, shi ne kuma yake tausasa haske a kan fuska, don haka a ranar hazo ki matso kusa ki ɗauki mutane, ki bar gonaki sai sama ta washe.

Tambaya: Malam, na ɗauki hoton wata dattijuwa mai sayar da daddawa a kasuwa ba tare da na gaya mata ba, sai ɗanta ya taso mini har mutane suka taru, dole na goge. Kasuwa ba wurin kowa ba ce? Daga wani matashi a Sabon Gari.

Amsa: Ƙanena, kasuwa ta kowa ce, amma fuskar dattijuwar tata ce, kuma a wannan magana ina bayan ɗanta. Mutane sun ga yadda hoton bawan Allah yake yawo a Facebook da TikTok da rubutun izgili a ƙarƙashinsa, saboda haka tsoronsu yana da dalili. Ka yi sallama, ka gaida ta, ka sayi daddawar ko da ta dala ashirin ce, sannan ka ce, "Inna, ina so in ɗauki hotonki da kayanki don ajiyar kaina, kin yarda?" Idan ta ƙi, ka yi godiya ka wuce, ko ka roƙi izinin ɗaukar tiren da hannuwanta kawai, wanda sau da yawa ya fi hoton fuska kyau. Idan ta yarda, ka nuna mata abin da ka ɗauka, ka kuma sani cewa izinin ɗauka daban ne da izinin yaɗawa. Matan aure da yara ƙanana kada ka kusance su da kyamara sai da yardar masu gida. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2019, don haka yaɗa hoton mutum ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci yana iya kai ka gaban alƙali. Akwai kuma wuraren da ba a ma neman izini, ana mayar da waya aljihu ne kawai: shingen jandarmomi da na duwan, barikin soja, filin jirgin sama da ayarin jami'an tsaro, musamman a hanyar Ɗan Isa da sauran yankunan bakin iyaka inda ake fama da ƴan bindiga, domin a can ɗaga waya kaɗai ya isa a sauke ka daga mota a tsare ka da tambayoyi.