Kafin ka zaɓi Jamusanci a jami'a, ƙanena

Ƙanena, sau biyu na karanta saƙonka. Ka ce ka gama B1, matakin tsakiya na koyon Jamusanci, harshen ya shiga ranka, kana so ka zo Jamus ka yi digirinka a kan Jamusanci, kuma kana tambaya ko hanya ce mai ɓullewa. Na ji daɗi ƙwarai, domin ni ma shi na karanta, da shi kuma nake cin abinci yau. Sai dai akwai abin da ban sani ba sai da na tsunduma ciki, ba na so kai ma ya zo maka bagatatan.

Fannin da suke kira Germanistik ba ajin koyon harshe ba ne. Babu malamin da zai tsaya yana bi da kai der, die, das. Waɗanda za ku zauna aji ɗaya da su a nonon uwa suka sha harshen, kuma da ma'auninsu za a auna ka. Karatun kashi uku ne: adabi daga wajen ƙarni na 16 zuwa yau, kimiyyar harshe, sai kuma tsohon Jamusanci na tsakanin 1050 da 1350, wanda ake ce wa Mittelhochdeutsch. Na ukun nan shi ya fi ba ni wuya. A makon farko malama ta raba mana baiti huɗu, ta ce mu mayar da su Jamusancin yau. Na ga kalmar hôchzît, raina ya yi fari, na ce ai wannan na san ta, Hochzeit ce, bikin aure. Ta girgiza kai ta ce a wancan zamanin kowane babban biki haka ake kiransa. Na waiwaya, sai na ga Bajamushen da ke gefena shi ma ya soke abin da ya rubuta. A ranar na gane cewa a wannan darasin kaɗai muka tashi daga layi ɗaya da su.

Sauran kuwa karatu ne ba ƙaƙƙautawa. Za ka saba da 'yan ƙananan littattafan kamfanin ɗab'i na Reclam masu ruwan ɗorawa, aljihunka ba zai rabu da ɗaya ba. Idan zango ya ƙare, wasu suna hutu, kai kana laburare kana rubuta Hausarbeit, wato takardar bincike ta ƙarshen zango, mai shafi 12 zuwa 15. Tawa ta farko da ta dawo, jan biro ya kusa rufe baƙin rubutun. Hujjata ta tsaya, waƙafi da ƙarshen sifa ne suka kayar da ni. Na kai takardar ofishin malamin a lokacin ganin ɗalibai, muka bi ta layi-layi kusan awa guda. Kada ka ji kunyar wannan ƙofar idan ka zo, domin ita ta tsamo ni.

B1 ɗinka mafari ne mai kyau, amma da sauran tafiya. Yawancin jami'o'i suna neman ka ci ɗaya daga cikin jarrabawar Jamusanci biyu: mataki na 2 a jarrabawar DSH (DSH-2), ko maki 4 a dukkan sassa huɗu na jarrabawar TestDaF, wasu ma sun fi haka tsanani ga wannan fannin. Batun kuɗi kuma, jami'o'in gwamnati galibi ba sa karɓar kuɗin karatu sai na hidimar zango, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba tun 2017. Kafin biza sai ka nuna kuɗin zama na shekara a rufaffen asusu, wanda aka mayar Yuro 11,904 a 2024. An yarda ɗalibi ya yi aiki cikakkun kwanaki 140 a shekara. Yawanci 15 ga Yuli ake rufe neman gurbin zangon hunturu.

Ga shawarata, kuma da zuciya ɗaya nake ba ka ita. Kada ka ɗauki Germanistik shi kaɗai. Jami'o'i da yawa ma haɗa shi suke da fanni na biyu, to ka zaɓi na biyun da idon basira. Bajamushen da ya gama wannan digirin shi ma yana fama kafin ya samu aiki a gidan jarida ko maɗaba'a, balle kai da za ka yi takara da shi a harshen uwarsa. Inda baƙo ya fi ƙarfi shi ne Deutsch als Fremdsprache, wato koyar da Jamusanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Cibiyar Herder ta jami'ar Leipzig ta yi suna a kansa. Nan na karkata a digiri na biyu. Yau idan ɗalibina ya rikice a kan Dativ, wata ƙa'idar nahawun Jamusanci, na san daidai inda ƙafarsa ta zame, domin ni ma a nan na taɓa faɗuwa. Kada kuma ka raina Hausarka: ana koyar da ita a sashen nazarin Afirka na Hamburg da Frankfurt, ga sashen Hausa na Deutsche Welle a Bonn.

Yanzu ka samo gajeren labari ɗaya da aka rubuta wa Jamusawa, ba wanda aka sauƙaƙa wa masu koyo ba. Ka karanta shi har ƙarshe da ƙamus a gefenka, ka rubuta shafi ɗaya a kansa da Jamusanci, ka aiko mini. Zan bi shi da jan biro kamar yadda aka bi nawa, daga nan sai mu zauna mu duba jami'ar da ta dace da kai. Ka gaida su Mama.